Kwamfutar taka ce, amma wa ke riƙe da makullin burauza?

Shagon gyaran kwamfuta nake da shi a Garwa ta ƙasar Kamaru, kusa da babbar kasuwa. Cikin na'urorin da ake kawo mini akwai waɗanda ko kusa ɗaya ba sai na kwance musu ba. Mai ita zai ajiye ta a kan tebur ya ce, "Jiya lafiya lau na kashe ta, yau da safe abin da ke tare mini talla ya ɓace, wallahi ban taɓa komai ba." Gaskiya yake faɗa, bai taɓa ba. Wani ne daga nesa ya taɓa. Tambayoyin nan su ne na fi sha a bakin masu zuwa wurina.

Wai mene ne wannan ƙarin da ake liƙa wa burauza?

Burauza ita ce manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, wadda 'yan makaranta a nan ke kira nabigate: Chrome, Firefox, Edge, Opera da sauransu. Ƙari kuma, wato ekistansiyon, ƙaramar manhaja ce da ake ɗora mata don ta yi abin da ba ta zo da shi ba. Wani ƙarin yana tare talla, wani yana fassara shafi daga Turanci zuwa Faransanci, wani yana adana kalmomin sirri. Kamar kariyar ɗaukar kaya da ɗan acaba ke sa wa babur ne. Kamfani bai ƙera da ita ba, shi ya ga yana bukata ya sa.

Ban taɓa komai ba. Me ya kashe shi?

Galibi sabuntawa ce. Burauza tana sabunta kanta ba tare da ta nemi izininka ba. Chrome da Firefox duk bayan 'yan makonni suke fitar da sabon zubi. Idan aka sauya ramukan da ƙarin ke maƙalewa a ciki, wanda ya rubuta shi kuma bai bi sawu ba, sai ya faɗi. Mafi girman irin wannan ya faru a watan Nuwamban 2017, lokacin da Firefox 57 ta fito ta daina karɓar tsohon tsarin ƙare-ƙarenta baki ɗaya. Burauzar ta ƙara sauri, wannan ba a musu, amma ƙare-ƙare da yawa da mutane suka shekara goma suna aiki da su ba su sake dawowa ba.

Akwai kuma maganar hatimi. Kafin burauza ta yarda da ƙari, tana duba ko kamfanin burauzar ya buga masa hatiminsa, hatimin kuma yana da ranar ƙarewa kamar katin ɗan ƙasa. Saboda haka agogon kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya taɓa kawo mini kwamfutar da ya saya a burokant, wato wurin sayar da kayan gwanjo, shafuka sun ƙi buɗewa, kowanne sai gargaɗi, ya tabbata ƙarin da ɗansa ya sa ne ya lalata ta. Na duba kusurwar allo, kwanan watan ya koma baya shekaru. Na ce, "Alhaji, agogonta ne ya ɓace." Ya ce, "Yaro, ina ruwan agogo da intanet?" Na buɗe bayanta na nuna masa ɗan batirin nan mai kama da tsabar kuɗi da ke riƙe lokaci idan an kashe na'ura. Ya mutu tuni, ga zafin Garwa, ga ɗaukewar wuta. Muka sa sabo, muka gyara kwanan wata, komai ya buɗe. Kafin ka zargi kowa, fara duba agogo.

An ce akwai ranar da ƙare-ƙaren Firefox suka mutu a duniya gaba ɗaya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Daren Juma'a 3 ga Mayun 2019, wayewar Asabar 4 ga wata, ana shirin shiga azumi, takardar shaidar da Mozilla, kamfanin da ke yin Firefox, ke buga hatimi da ita ta ƙare ba a sabunta ta ba. Firefox ta duba, ta ga hatimi ya ƙare, sai ta kashe kusan dukan ƙare-ƙaren da ke kanta, na kirki da na banza. Har burauzar Tor, wadda aka gina a kan Firefox don masu ɓoye sawunsu, ta rasa ƙarin NoScript da ke kare su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kwamfuta ba shi da maɓallin da zai danna ya ce, na san wannan ƙarin, na yarda da shi, a bar mini. Tun 2016 aka cire wannan zaɓi daga Firefox ta gama-gari. Gyaran farko da Mozilla ta turo ta hanyar tsarinta na gwaje-gwaje ya biyo, don haka wanda ya rufe ƙofar aika bayanansa sai da ya buɗe kafin gyaran ya iso masa. Daga baya kamfanin ya ba da haƙuri, ya fitar da Firefox 66.0.4 ranar 5 ga Mayu, ya kuma ce zai goge bayanan da aka tara a kwanakin. Sun kyauta a nan. Amma ranar ta nuna wa kowa inda makullin yake.

Me ya faru da uBlock Origin a Chrome?

Wannan ba kuskure ba ne, shawara ce aka yanke. uBlock Origin ƙari ne na kyauta da Raymond Hill ya fara a 2014, kuma yana cikin masu tare talla da aka fi amfani da su. A tsohon tsarin Chrome, mai suna Manifest V2, ƙarin yana zaune ne kamar mai gadi a bakin ƙofa: duk abin da shafi zai jawo, hoto ne, bidiyo ne, ɗan leƙen asiri ne, sai ya duba ya ce wannan ya shiga, wancan ya koma. A sabon tsarin, Manifest V3, an tashi mai gadin. An ce ya rubuta jerin sunayen waɗanda ba ya so ya miƙa wa Chrome tun da wuri, ita za ta tsaya a ƙofar, kuma jerin yana da iyaka. Google, mai Chrome, ta fara kashe tsofaffin ƙare-ƙare daga Yunin 2024, a hankali a hankali, zuwa tsakiyar 2025 ƙofar ta rufe. Hill ya fitar da wani mai suna uBlock Origin Lite da ke bin sabuwar doka. Yana aiki, yana tare da yawa, amma shi kansa ya bayyana cewa bai kai na asalin ba.

Ga wanda ke zaune a Faransa da intanet marar iyaka a gida, wannan magana ce ta jin daɗin karatu. A nan maganar aljihu ce. Ɗalibar da ta sayi forfe, wato data, na sefa 500 don ta sauke darasi, ta buɗe shafi, bidiyon tallan mota ya kama kansa yana wasa, talla uku suna ƙyalli a gefe, da megarta ake biyan wannan duka. Ba ta nema ba, motar ba za ta saya ba, amma ita ta biya kuɗin dakonsa. Ga tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar giga biyu ko huɗu tana nishi, fanka na kuka. Waɗanda suka yanke shawarar a Kaliforniya ba su taɓa ƙirga mega kafin su buɗe shafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma kada a manta mafi yawan kuɗin shigar Google daga talla yake fitowa. Ban ce don haka kaɗai suka yi ba. Amma mai sayar da talla shi ne ke rubuta dokar da mai tare talla zai bi, kowa ya auna da hankalinsa.

To ba don tsaronmu suke yi ba?

Akwai gaskiya a nan, kuma ba zan ɓoye ta don ina jin haushi ba. Ƙarin da ka ba izinin karanta duk shafin da ka buɗe yana ganin wasiƙunka, yana ganin abin da ka rubuta a shafin banki. Idan mai shi ya sauya hali, ko ya sayar, ka shiga uku ba ka sani ba. The Great Suspender misali ne: ƙari ne da ke kwantar da shafukan da ba a amfani da su don kwamfuta ta samu sauƙi, mutane sama da miliyan biyu suna da shi. A 2020 mai shi ya sayar wa wani da ba a san ko wane ne ba, aka cusa masa abin cutarwa, a Fabrairun 2021 Google ta cire shi ta kuma kashe shi a kwamfutocin jama'a. A ranar, ikon kashewa daga nesa ya yi rana. Manifest V3 ma ya hana ƙari jawo umarni daga waje bayan an tantance shi, wannan kuwa gyara ne na gaske.

Ni kaina kusan kullum ina cire wa mutane ƙare-ƙaren da suka sauya musu shafin bincike, waɗanda ba su ma san lokacin da suka shiga ba. Saboda haka ban ce a bar ƙofa a buɗe ga kowa ba. Abin da nake cewa, a kulle, amma a bar wa mai gida makulli ɗaya. A ɓoye shi can ciki, a yi gargaɗi sau uku da jan rubutu, wanda ya san abin da yake yi ya buɗe. Firefox ta nuna ana iya haɗa biyun: ta karɓi Manifest V3 amma ta bar wa mai gadin wurinsa, shi ya sa cikakken uBlock Origin yake aiki a kanta.

Sai in hana ta sabuntawa kawai in huta?

A'a, ƙanena. Sabuntawar da ke karya ƙari ita ce kuma ke toshe ramukan da ɓarayi ke bi. Kuma tsohuwar ma ba ta dawwama: ranar 14 ga Maris 2025 wata babbar takardar shaida ta ƙare a cikin tsofaffin Firefox, waɗanda ba su sabunta ba aka gargaɗe su cewa ƙare-ƙarensu za su tsaya. Masu Windows 7, kuma suna da yawa a garin nan, Chrome ta tsaya musu a lamba 109 tun Janairun 2023, ba za ta ƙara gaba ba. Idan sauye-sauyen ne suka dame ka, akwai Firefox ESR, wadda ke karɓar gyaran tsaro amma fasalinta sai kusan shekara yake canzawa. Ita nake sa wa masu siba, wato shagunan intanet, da ofisoshi.

Kuɗina na sa na sayi na'urar nan. Ina ikona?

Ƙarfen ka saya. Manhajar izinin amfani aka ba ka, da sharuɗɗan da ka danna ka amince ba ka karanta ba, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Tun 1983 Richard Stallman, wani Ba'amurke mai rubuta manhaja, ya fara yaƙi a kan wannan, yana cewa mai amfani da manhaja ya kamata ya iya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Firefox a buɗe take haka, Chromium da aka gina Chrome a kansa shi ma a buɗe yake. Sai dai buɗewar ba ta isa ba. Edge, Opera da Brave duk a kan Chromium suke zaune, don haka idan Google ta juya akala, bin wata hanya daban yana musu tsada. Mozilla kuma mafi yawan kuɗinta daga yarjejeniyar sa binciken Google a gaba yake zuwa. Burauza miliyoyin layukan rubutu ce, ba abin da ni ko kai za mu zauna mu gyara da yamma ba ne.

Ikon da ya rage a hannunka na gaske shi ne ikon tashi. Ka iya kwashe alamomin shafukanka da kalmomin sirrinka ka koma wata burauzar. Ƙaramin iko ne, amma kamfanoni suna ƙirga masu tashi.

Ni waya kawai nake da ita.

Chrome ta Android ba ta karɓar ƙari ko ɗaya. Firefox ta Android tana karɓa, uBlock Origin yana ciki, kuma tun Disambar 2023 aka buɗe ta ga ɗaruruwan wasu. Brave da Opera Mini suna zuwa da mai tare talla a jikinsu.

Yau da safe nawa ya mutu. Me zan yi kafin in kawo maka?

Duba kwanan wata da agogo. In daidai suke, shiga shafin ƙare-ƙare na burauzar ka karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin sunansa, don yawanci tana faɗin dalili: ba ta ƙara goyon bayansa, ko ta kasa tantance shi, ko an cire shi saboda cutarwa. In na ƙarshen ne, kada ka yi ƙoƙarin dawo da shi, ka cire, ka sauya kalmomin sirrinka. Kada ka bi shafin da ya ce ka sauke wani fayil zai gyara maka, kuma ka lura da sunaye, akwai masu kama da uBlock Origin da ba shi ba ne. Duba sunan wanda ya rubuta.

Sannan ka ajiye burauza ta biyu a kwamfutar tun kafin ka bukace ta, ka kwafe alamomin shafukanka a kile USB, wato filash. Wata malamar makaranta da ke zuwa buga jarrabawa a wurina haka muka yi mata bara. Da ƙarinta ya tsaya ana saura kwana biyu jarrabawa, ba ta hau babur ta zo kasuwa cikin rana ba. Kira ta yi ta ce, "Malam, na buɗe ɗayar, aiki na tafiya, sai Asabar in kawo ka duba."