Amavasya: ranar ɓatan wata a addinin Hindu

Amavasya ita ce ranar da wata ke ɓacewa gaba ɗaya daga sama, kafin jinjirin sabon wata ya bayyana. Kalmar ta fito daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ma'anarta "zama tare", wato lokacin da rana da wata suka haɗu a sashe ɗaya na sama. Ta sha bamban da tsayuwar wata da Musulmi ke duba da ido bayan faɗuwar rana, domin Amavasya tana riga ta da kwana ɗaya ko biyu, kuma da lissafi ake gane ta. Husufin rana ba ya faruwa sai a wannan lokaci.

Kalandar Hindu ta raba wata zuwa kashi 30 da ake kira tithi. Tithi ɗaya shi ne lokacin da tazarar wata da rana ke ƙaruwa da digiri 12, Amavasya kuwa tana kamawa daga digiri 348 zuwa 360. Da yake gudun wata ba ya tsayawa daidai, tithi kan ɗauki sa'o'i 19 zuwa 26, yana iya farawa da tsakar rana ko cikin dare. A kudu da yammacin Indiya, kamar Maharashtra da Karnataka, Amavasya ce ke rufe wata. A arewa, irin su Uttar Pradesh da Bihar, wata yana ƙarewa ne ranar cikarsa, sai Amavasya ta faɗo a tsakiya.

A nan ake yawan yin kuskure. Ƙa'idar yau da kullum ita ce tithin da rana ta fito a cikinsa shi ne na ranar, amma kowace ibada da lokacinta. Sadakar magabata tana buƙatar Amavasya ta kasance bayan rana ta karkata, bautar Lakshmi, allahiyar arziki, ta bikin fitilu na Diwali kuma bayan faɗuwar rana. Shi ya sa a 2024 aka rabu: Amavasya ta shiga da yammacin 31 ga Oktoba ta fita da yammacin 1 ga Nuwamba, wasu suka yi Diwali ranar farko, wasu ta biyu. Haka nan panchang, littafin lissafin ranaku, ana yinsa ne bisa fitowar rana a gari guda, don haka ɗan Hindu da ke Landan in ya bi na Delhi yana iya kuskure ranar.

Babban aikin ranar shi ne tarpana, zuba wa magabata ruwa. Mai yi yakan yi wanka, ya fuskanci kudu, ya mayar da zarensa mai tsarki kafaɗar dama, ya riƙe ciyawar darbha, sannan ya zuba ruwa gauraye da baƙin riɗi ta tsakanin babban yatsa da manuniya, yana ambaton uba da kaka da kakan uba. A cikakkiyar ibadar magabata da ake kira shraddha ana ƙara dunƙulen shinkafa da ake kira pinda, a ajiye wa hankaki abinci, a ciyar da limamai. Mutane da yawa ba sa ɗaura aure ko fara sabuwar harka a ranar.

Mafi girma ita ce Mahalaya Amavasya, wadda ke rufe kwanakin Pitru Paksha na tunawa da magabata a Satumba ko Oktoba. Wanda bai san ranar rasuwar magabacinsa ba, ita ce ranarsa, kuma garin Gaya da ke Bihar kan cika maƙil da masu wannan ibada. Mauni Amavasya ta watan Magha na kalandar Hindu ranar kame baki daga magana ce da wanka a mahaɗar kogin Ganga da Yamuna a Prayagraj. A can ne turmutsutsu ya hallaka aƙalla mutum 30 ranar 29 ga Janairun 2025. Idan Amavasya ta faɗo Litinin ana ce mata Somvati, matan aure su zagaya bishiyar pipal sau 108 suna nema wa mazajensu tsawon rai.