Shekarun jirgin sama ba su ne ma'aunin lafiyarsa ba

An daɗe ana cewa a Birnin Kebbi, musamman lokacin tashin maniyyata, wai tsohon jirgi shi ke faɗuwa. Tsoron ba abin zargi ba ne, rai ake magana.

Sai dai ba a riƙon jirgi kamar motar haya. Ana ƙidaya awannin da ya yi a sama da yawan tashi da saukarsa. Wasu sassan, da adadinsu ya cika, dole a canza su ko da lafiyarsu ƙalau. Tun yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zirga-zirgar jiragen sama, jirgin da zai ƙetare iyaka sai da takardar shaidar lafiyarsa a cikinsa.

Ku duba lambar rajista a jikin jirgin, na Najeriya da 5N suke farawa, ku bincika ta a intanet. Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu niyyar tafiya.