Bushewar Idon Da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa: Wa Za A Gani, Kuma Me Ake Yi Mata?

A cikin masu zuwa da koken ido, akwai waɗanda nake ganewa tun kafin su buɗe baki, domin sukan zo da kwalaben maganin ɗigawa cike da jaka, wasu sun ƙare, wasu an yi rabi an ajiye. Kokensu kusan ɗaya ne: ido yana raɗaɗi kamar an watsa masa yashi, yana yin ja da yamma, gani kuma yana dusashewa idan an daɗe ana karatu, sai an ƙifta sau biyu ko uku sannan ya washe. Idan aka ce musu bushewar ido ce, da yawa sukan musa, su ce idon da yake zubar da hawaye ba dare ba rana ta ina zai bushe? Gaskiyar magana ita ce, wannan hawayen ba mai kare ido ba ne, ido ne ya ji zafi ya kwararo da ruwa tsararo, wanda ba ya zama a kansa balle ya jiƙa shi.

Hawayen da ke kare ido haɗi ne na abu uku. Akwai yauƙin da ke manne shi da ƙwayar ido, akwai ruwan kansa, sannan a can sama akwai maiƙo ɗan siriri wanda ke hana ruwan ƙafewa. Wannan maiƙon yana fitowa ne daga wasu ƙananan matsattsaru da ke jere a bakin fatar ido ta sama da ta ƙasa, daf da tushen gashin ido, kimanin 20 zuwa 40 a kowace fata. A wurin mafi yawan masu wannan larura, ba ruwan ne ya yi kaɗan ba, hanyoyin maiƙon ne suka toshe, sai hawayen ya riƙa ƙafewa da wuri. Wanda matsalarsa ke nan, ko shekara zai yi yana ɗiga hawayen kwalba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido, sauƙin ɗan lokaci kawai zai samu, tamkar mai zuba ruwa a kwando. Shi ya sa nake cewa matakin farko ba sauya kwalba ba ne, sanin irin bushewar ne.

Idan larurar ta kai wata uku, ko kuma ana ɗiga magani sau da yawa a yini ba tare da sauƙi ba, lokacin ganin likitan ido ya yi. Mai auna gani domin tabarau yana iya gano matsalar, ya kuma fara ba da shawara, amma bushewar da ta yi tsanani tana buƙatar cikakken likitan ido, musamman wanda ya ƙware a cututtukan gaban ido da fatarsa. Ku nemi takardar tura majinyaci daga likitan da kuka saba gani, domin manyan asibitoci da asibitocin koyarwa galibi da ita suke karɓa. Ku tafi da dukan kwalaben da kuka yi amfani da su, da sunayen magungunan da kuke sha, saboda magungunan ƙaiƙayi da mura, da wasu na ciwon damuwa, da masu sa fitsari, da maganin ƙurajen fuska mai suna aisotiretinoyin, duk suna iya busar da ido. Haka nan ku faɗa masa idan kuna da ciwon suga, ko ciwon maƙoƙo, ko kuma an taɓa yi muku aikin gyaran gani da hasken leza.

Gwaje-gwajen ba su da zafi. Likita zai ɗiga wani launi ruwan ɗorawa, ya duba da na'ura mai haske ya ga daƙiƙa nawa hawayen ke yi kafin ya tsage bayan ƙiftawa. Ƙasa da daƙiƙa 10 alama ce ta matsala. Akwai kuma gwajin Schirmer, inda ake maƙala 'yar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5, kuma idan jiƙewarta ba ta kai milimita 5 ba, ruwan hawayen ya yi ƙaranci sosai. A ganina, likitan da bai matsa bakin fatar ido ya ga irin maiƙon da ke fitowa ba, bai gama dubawa ba, kuma ba laifi ba ne majinyaci ya tambaya cikin ladabi ko an duba wurin. Wanda kuma bakinsa ke bushewa tare da idon, ko gaɓoɓinsa ke ciwo, ya kamata a yi masa gwajin jini, domin akwai cutar da likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933, wadda garkuwar jiki ke afka wa matsattsarun hawaye da na yawu. Ta fi kama mata, kuma tana buƙatar likitan gaɓoɓi ya shigo cikin jinyar.

Magani hawa-hawa ne. Ana farawa da hawayen kwalba, amma wanda zai ɗiga fiye da sau 4 a yini gara ya nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana ƙara fusata ido. Mai kauri kamar man shafawa na dare ne, tunda yana dusashe gani. Masu toshewar hanyoyin maiƙo kuwa, gashi da tsabtataccen ƙyalle mai ɗumi na minti 5 zuwa 10 kullum, sannan a ɗan murza fatar idon a goge bakinta, ya fi musu kwalba goma amfani, sai dai yana son naci. Wani lokaci likita kan ƙara da ƙwayar doksisaikilin na wasu makonni, wadda ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Wasu asibitocin suna da na'urorin da ke ɗumama fatar ido su matse maiƙon da ya daskare.

Idan akwai kumburi a gaban ido, ana ba da ɗigon siklosporin, ko lifitegiras wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016. A nan ne mutane da yawa suke karaya, domin siklosporin yakan yi zafi a farko, kuma yana iya ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin a ga cikakken amfaninsa, sai mutum ya watsar a mako na biyu ya ce ba ya aiki. Wanda ruwan hawayensa ya yi ƙaranci ana iya toshe masa 'yar kafar da hawaye ke bi ya sauka hanci, da wani ɗan marfi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, aikin 'yan mintuna ne kuma ana iya cire shi. Ga waɗanda abin ya fi ƙamari, ana haɗa ɗigo daga ruwan jinin majinyacin kansa, ko a sa masa wani faffaɗan gilashin manne wa ido da ke riƙe ruwa a kan baƙin idon yini guda. Ƙwayoyin man kifi da ake yawan tallatawa kuwa, wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018 bai ga sun fi man zaitun da aka gwada su da shi ba.

Abu biyu nake roƙon a guje musu. Na farko shi ne ɗigon da ke kawar da jan ido nan take, wanda jijiyoyi kawai yake tsukewa, kuma da an daina jan yake dawowa. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne ɗigon sitiroyid, wato wani maganin rage kumburi, da mutum zai saya da kansa. Yana kawo sauƙi da sauri har mutum ya ɗauka ya dace, alhali yawan amfani da shi yana jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma hawan jinin ido yana cinye gani a ɓoye. Likita yakan ba da shi na ɗan gajeren lokaci yana auna idon. Masu aiki da kwamfuta ko waya su sani cewa kallon allo yana rage ƙiftawa matuƙa, don haka bayan kowane minti 20 su dubi nesa na daƙiƙa 20, su kuma kauce wa iskar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki da ke bugun fuska kai tsaye. Amma idan zafi ya tsananta, ko haske ya gagari kallo, ko gani ya ragu bai washe da ƙiftawa ba, ko aka ga farin tabo a kan baƙin ido, kada a jira ranar da likita ya sa, a tafi asibiti a ranar.