Mece ce Sanhedrin, majalisar da ta gurfanar da Yesu?

Duk shekara idan makon Ista ya zo, ana karanta labarin daren da aka kama Yesu Almasihu aka kai shi gaban "majalisa". Mai sauraro a coci sai ya ɗauka taron dattawa ne kawai aka kira da gaggawa. Alhali majalisa ce mai suna da tsari, Sanhedrin, kotun ƙoli ta Yahudawa a Urushalima.

Kalmar ba ta Ibrananci ba ce tun asali. Daga Helenanci aka aro ta, sunedriyon, ma'ana zama tare. Littafin Mishna na malaman Yahudawa ya ce mutum 71 ne a cikinta, kwatankwacin dattawa 70 da Musa ya zaɓa, shi kuma cikon na 71. Akwai manyan firistoci, akasarinsu Sadukiyawa, ga shugabannin jama'a, ga malaman Attaura waɗanda da yawansu Farisiyawa ne. Waɗannan ɗarikun Yahudawa biyu, Sadukiyawa da Farisiyawa, ba sa ga maciji a kan batun tashin matattu, amma zaure ɗaya suke zama.

A Linjila, babban firist Kayafa ne ya jagoranci zaman. Surukin Hanana ne, tsohon babban firist, kuma ya riƙe muƙamin daga wajen shekara ta 18 zuwa 36 miladiyya. To amma wa ya naɗa shi? Gwamnan da Rumawa masu mulkin ƙasar suka turo. Nan gizo ke saƙar. Kujerar addini ce, mai naɗawa da tuɓewa kuma ɗan mulkin mallaka ne. Wanda ya shekara 18 a irin wannan kujera ya iya zama da masu gida. Shi ya sa maganar da Yahaya, ɗaya daga marubutan Linjila, ya rawaito daga bakin Kayafa, cewa gara mutum ɗaya ya mutu a madadin jama'a da al'umma duka ta hallaka, ta fi kama da lissafin ɗan siyasa mai tsoron fushin Rumawa.

Laifin da aka ɗora wa Yesu a gaban majalisa saɓo ne. Kayafa ya tambaye shi ko shi ne Almasihu, da ya ji amsa sai ya kyakketa tufafinsa, aka ce ya cancanci kisa. Sai dai, a faɗar Yahaya, majalisar ba ta da ikon zartar da kisa. (Mai tuna zamanin En'e ya san irin wannan: kotun sarki ta yanke hukuncin kisa, amma sai Gwamna ya sa hannu.) Da gari ya waye aka miƙa Yesu ga Bilatus, gwamnan Rumawa na lokacin, zargin kuma ya sake riga. Bilatus ba ruwansa da saɓo, don haka aka ce mutumin yana kiran kansa sarki. A kan wannan aka gicciye shi bisa ga Linjila, gicciyewa kuwa hukuncin Rumawa ne. Musulmi dai sun sha bamban a nan, don aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba.

Ko a cikin majalisar ba baki ɗaya aka yi ba. Linjilar Luka ta ce Yusufu mutumin Arimatiya, ɗan majalisa ne, bai amince da shawarar ba, shi ne ma ya roƙi gawar ya binne. Duk da haka an ɗauki ƙarnoni ana jingina laifin ga Yahudawa kaf, abin da ya jawo zubar da jini a Turai, har sai da Cocin Katolika ta yi watsi da wannan fahimta a hukumance a 1965.

Rumawa sun rushe Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa a Urushalima, a shekara ta 70, kujerar babban firist ta tafi tare da shi. A 1990 ma'aikata suka ci karo da wani kogon kabari a kudancin Urushalima, a ciki akwai akwatin dutse na ajiye ƙasusuwa, an zana masa suna: Yusufu ɗan Kayafa. Masana da dama na ganin na babban firist Kayafa ne, wanda sunansa na yanka Yusufu, wasu na ja. Akwatin yana gidan tarihi na Isra'ila.