Me Ake Nufi da Tumbatsar Teku, Kuma Su Wa Ke Auna Ta?

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san tumbatsar gulbi: ruwa ya cika ya batse da damina, ya janye idan rani ya kama. Tumbatsar teku daban take, domin ba ta janyewa. Abin da masana ke nufi da ita shi ne ƙaruwar matsakaicin tsayin ruwan tekunan duniya, bayan an ware hawa da saukar da ruwan ke yi kullum. Daga 1901 zuwa 2018 tsayin ya ƙaru da kimanin santimita 20, saboda ruwa yana kumbura idan ya ɗumama, ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan duwatsu kuma tana narkewa.

Awon wannan ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya. Ma'aunin da aka dasa a tashar jiragen ruwa abin da ke gabansa kaɗai yake nunawa, a wasu wuraren ma ƙasar da ke ɗauke da shi tana nutsewa, shi ya sa a 1985 hukumar UNESCO mai kula da harkokin teku ta kafa shirin GLOSS domin haɗa awon tashoshin ƙasashe wuri guda. A 1992 Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam TOPEX/Poseidon domin auna tsayin ruwan daga sama. Shirin Argo, wanda a ganina ya fi nuna amfanin haɗin gwiwar, yana da na'urori kusan 4,000 da ke nutsewa zurfin mita 2,000, su taso duk bayan kwana 10 su aiko da bayanin zafin ruwa da gishirinsa, kuma bayanan kyauta ne ga kowa.

Kebbi ba ta da gaɓar teku, amma kuskure ne mu ɗauka zancen na mutanen Legas ne kawai. Iskar da ke kawo mana damina daga tekun Atilantika take tasowa, kuma masana sun danganta farin da aka yi na rashin ruwan sama a shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin ruwan teku. Tun 1997 Birazil da Faransa da Amurka suke kula da na'urorin shirin PIRATA da ke auna zafin ruwa da iska a tekun Atilantika, waɗansu a mashigin Gini da ke kudu da Najeriya, kuma irin wannan awo na cikin abin da masu hasashen yanayi ke dubawa kafin su faɗa wa manomin Yauri ko Suru lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka.