Tsarin iyali a ƙasar Tailan

Tailan na cikin ƙasashen da haihuwa ta ragu a cikinsu da sauri ba tare da tilasta wa kowa ba. A shekarun 1960 macen Tailan kan haifi 'ya'ya shida a matsakaici. Zuwa farkon shekarun 1990 adadin ya sauka zuwa kusan biyu.

Gwamnati ta ƙaddamar da shirin tsarin iyali na ƙasa a 1970. Matakin da ya fi tasiri shi ne barin ungozomomin ƙananan asibitoci su riƙa ba da ƙwayar hana ɗaukar ciki, domin a lokacin likitoci sun yi ƙaranci ainun a karkara. A arewa kuwa, tun a shekarun 1960 asibitin McCormick da ke Chiang Mai ya fara yi wa mata allurar wata uku.

Sai dai samun magani daban, cire kunyarsa daban. Wannan aikin ne wani ɗan fafutuka mai suna Mechai Viravaidya ya ɗauka lokacin da ya kafa ƙungiyarsa ta tsarin iyali da raya al'umma a 1974, wadda aka fi sani da PDA. Ya horar da masu kantuna da manoma su zama masu rabon ƙwaya da kwaroron roba a ƙauyukansu, ya kai zancen makarantu da kasuwanni, har malaman addinin Buda suka riƙa yayyafa wa kayan ruwan albarka. Hakan ya yiwu ne saboda addinin Buda, wanda mafi yawan 'yan ƙasar ke bi, bai hana rigakafin ciki ba, zubar da shi ne yake ƙyama. Ga kuma matan Tailan, waɗanda tun asali ke riƙe kuɗin gida, suna da ta cewa. Lardunan kudu na Musulmi, Pattani da Yala da Narathiwat, sun fi sauran yawan haihuwa.

A yau ana sayen ƙwayar a kantin magani ba tare da takardar likita ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen 'yan mata marasa aure, da yawansu na jin nauyin zuwa asibiti, wanda yana cikin abubuwan da suka sa aka kafa dokar 2016 kan cikin 'yan mata, wadda ta ba su 'yancin ci gaba da karatu da samun kulawa a sirrance. A 2021 aka halatta zubar da cikin da bai wuce mako 12 ba. Tun daga shekarar, masu mutuwa sun fi jariran da ake haifa yawa, kuma gwamnati ta koma neman hanyar ƙarfafa haihuwa.