Waiwaye: Yadda Mawaƙan Coci Suka Shiga Kasuwar Waƙoƙin Duniya

A shekarar 2018 mawaƙiyar Amurka Lauren Daigle ta fito a shirin talabijin na Ellen DeGeneres ta yi waƙa, sai wasu masoyanta Kiristoci suka yi mata ca, wai ta kai baiwar da Allah ya ba ta inda bai kamata ba. A shekarar ne kuma faifanta mai suna Look Up Child ya shiga na 3 a jadawalin Billboard, inda ake jera fayafayan da suka fi samun kasuwa a ƙasar. Wanda bai bi labarin daga tushe ba zai zaci sabon abu ne, alhali rigimar ta haura shekara tamanin ana yin ta.

Mutumin da ake kira uban waƙar bishara ta baƙaƙen fatar Amurka, Thomas Dorsey, daga gidajen rawa ya fito. Ɗan fasto ne, amma da sunan Georgia Tom ya fara suna, yana kaɗa fiyano a kiɗan bulus (blues), wato kiɗan duniya na baƙaƙen fatar Amurka, har da waƙoƙin da ba a rerawa gaban surukai. A 1932 matarsa ta rasu wurin haihuwa, jaririn ma ya bi ta. Cikin wannan baƙin ciki ya rubuta Take My Hand, Precious Lord. Manyan coci-cocin Chicago ba su yi na'am da salon nasa ba da farko, domin kunnen dattawa yana jiyo kiɗan mashaya a ƙarƙashin kalmomin addu'a. Kuma ba ƙarya kunnen nasu ya yi musu ba.

Mata biyu ne suka nuna hanyoyin da ke gaban mawaƙin coci. Sister Rosetta Tharpe ta rataya jitarta ta shiga gidan rawa na Cotton Club a New York a 1938, tana yabon Yesu a gaban masu riƙe da kofin giya. A 1945 waƙarta Strange Things Happening Every Day ta kai na 2 a jadawalin waƙoƙin baƙar fata. Mahalia Jackson kuwa ta kafe, ta ce ita ba za ta yi bulus ba ko nawa za a biya ta. Abin mamaki, ita ma ta sayar da fayafai miliyoyi.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne shekarun 1950, lokacin da matasa suka gano cewa ba sai an sauya karin waƙa ba, kalmomi kaɗan za a taɓa. Ray Charles ya ɗauki wata waƙar yabon Yesu a 1954, ya bar kiɗan da amshin yadda suke, ya mayar da ita yabon mace, ta zama I Got a Woman. Fastoci suka ce saɓo ne tsagwaronsa. Labarin Sam Cooke ya fi ban tausayi da ban dariya. Shi ne babban mawaƙin ƙungiyar waƙoƙin bishara ta Soul Stirrers, 'yan mata na cika coci don jin muryarsa. Da ya so gwada waƙar soyayya, sai ya ɓoye a bayan sunan Dale Cook, ya ɗauko wata waƙarsu ta yabon Ubangiji ya juya ta kan budurwa. To ina za a ɓoye irin wannan murya? Kowa ya gane shi. Ya rabu da ƙungiyar, kuma kafin ƙarshen 1957 waƙarsa You Send Me ta hau na ɗaya a faɗin Amurka. A ganina, duk wanda ke son fahimtar fushin dattawan coci, nan ya kamata ya tsaya. Sun ga yaran da suka rena a bencin mawaƙa sun kwashi shauƙin da ake ji wurin ibada sun kai shi kasuwa, suna kuma samun kuɗin da coci ba za ta taɓa iya biya ba.

A 1969 sai ga abin ya zo ta ɗaya gefen. Edwin Hawkins ya sabunta wata tsohuwar waƙar coci ta ƙarni na 18, ya ɗauke ta da ƙungiyar matasan cocinsu a California, da niyyar sayar da 'yan ɗaruruwan fayafai don tara kuɗin tafiya taro. Wani gidan rediyo a San Francisco ya sa ta, sai Oh Happy Day ta bazu, ta kai na 4 a Amurka, na 2 a Ingila, ba tare da an cire sunan Yesu ko sau ɗaya ba. Bayan shekara uku Aretha Franklin, 'yar fasto daga Detroit wadda ta riga ta yi suna a waƙoƙin duniya, ta koma cikin coci a Los Angeles ta ɗauki faifan Amazing Grace, ya sayu sama da miliyan 2. Shi kansa Elvis Presley, lambobin Grammy uku da ya ci a gasa duk na waƙoƙin bishara ne.

Kiristoci fararen fata sun gina tasu kasuwar daban, da kamfanoninsu a Nashville, da gidajen rediyonsu, da shagunan littattafan addini inda ake sayar da kaset. Amy Grant ce ta fasa wannan katanga. A 1991 waƙarta Baby Baby ta hau na ɗaya, aka yi ta sukar bidiyon saboda tana wasa da wani saurayi a ciki, duk da cewa jaririyarta ce ta sa ta rubuta waƙar.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba game da wannan zamani. Kafin 1991 Billboard na dogara ne da abin da masu shaguna suka ce sun sayar. Da aka koma ƙidaya ta kwamfuta, sannan a 1995 aka fara lissafa cinikin shagunan littattafan Kirista, sai sunayen da masana'antar ba ta taɓa kulawa da su ba suka fara bayyana a saman jadawali. Masu sayen suna nan tun da daɗewa, ba a ƙirga su ne kawai. Manyan kamfanoni sun riga sun shinshino kuɗin: EMI ya saye Sparrow, kamfanin waƙoƙin Kirista, tun 1992.

Daga nan abin ya yi sauri. Kirk Franklin ya kai Stomp tashar MTV a 1997, da kiɗan da aka aro daga ƙungiyar Funkadelic, aka sake tayar da tsohuwar maganar cewa an shigo da duniya cikin haikali. A 2014 faifan Anomaly na mawaƙin gambara Lecrae ya hau na ɗaya, shi kuma ya yi ta fama da mutane kan kada a riƙa kiransa "mawaƙin gambarar Kirista", don laƙabin na rufe masa ƙofofi.

Yanzu Afirka ma ta shiga lissafin, kuma ba ta hanyar rage ambaton Allah ba. Mawaƙiyar Najeriya Sinach ta fitar da Way Maker daga Legas a ƙarshen 2015. Mawaƙan Amurka irin su Michael W. Smith suka sake rera ta, a lokacin korona aka riƙa yin ta a harabar asibitoci, a 2020 Sinach ta zama 'yar Afirka ta farko da ta hau saman jadawalin Billboard na marubuta waƙoƙin Kirista. A shekarar ce kuma duniya ta yi ta taka rawar Jerusalema daga Afirka ta Kudu, yawancin masu rawar ba su san addu'a ce da harshen Zulu ba. Mu a nan mun riga mun ga irinsa tun tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Jeremiah Gyang daga Jos ya saki Na Ba Ka, waƙar miƙa zuciya ga Allah da Hausa, gidajen rediyon Legas suka riƙa sa ta a tsakanin waƙoƙin rawa.